Inda Kwalta Ta Ƙare

Bahaushe bai raɗa wa wannan ciwo suna daji a banza ba. Daji wuri ne da babu mai gari a cikinsa, kuma wanda ya kutsa ba tare da ja-gora ba, sai an ga dawowarsa ake yi masa barka. Likita na cewa sankara, ɗan boko na cewa kansa, amma a ƙauyenmu, can cikin fadamar Haɗeja, ko dajin ma ba a cika furtawa ba. Sai a sassauta murya a ce wance tana fama da ciwon nan, mai sauraro ya girgiza kai ya ce Allah ya sawwaƙe, a sake wata maganar.

Akwai kuma wata magana da kowane yaro ya tashi ya tarar, cewa daji ba ya son ƙarfe. Ba a yi masa allura, ba a sa masa wuƙa, in an taɓa shi sai ya fusata. Ma'aikatan lafiya kan kira wannan jahilci, ni kuwa ban yarda da su ba. Mutanenmu abin da idonsu ya gani suke faɗa. Duk wadda aka ɗauka daga ƙauye zuwa babban asibiti da wannan ciwo, sai da ya ci ya cinye aka ɗauke ta. Aka yi mata aiki, aka dawo da ita, bayan wata uku aka yi jana'iza. Suka ga haka sau ɗaya, suka ga sau goma, ba su taɓa ganin wadda aka kama nata da wuri ta warke ta koma daka da surfe ba. Wa zai zarge su don sun ɗora laifin a kan wuƙar likita? Tsoro ke hana zuwa da wuri, zuwa a makare kuma ke ƙara tsoro, haka abin yake ta zagaye kamar jakin da aka ɗaure a turke. Wa'azi ba zai kwance wannan igiya ba. Sai ƙauye ya ga mace guda da aka duba tana lafiya lau, aka gano abin tun yana ƙwai, aka kawar da shi, ta ci gaba da rayuwa a gabansu. Mace mai jin kanta garau kuwa ba za ta bar girki da yara da awaki ta biya kuɗin mota zuwa birni don a duba ta ba. Dole duban ya zo ya same ta.

Na yi shekaru ina yawon ɗiga wa yara maganin shan-inna gida-gida kafin in zama ma'aikaciyar lafiya a ƙaramin asibitin mazaɓarmu. Amma ba a wurin aiki na fara sanin sankarar bakin mahaifa ba, a ɗakin gwaggona na san ta.

Gwaggo ƙanwar mahaifina ce, mai ƙuli-ƙuli da man gyaɗa, macen da ake jin dariyarta daga ƙofar gida. Ta haifi tara, shida suka rayu. Bayan al'ada ta ɗauke mata da 'yan shekaru, sai jini ya dawo. Ba ta ɗauki abin a matsayin ciwo ba, ta ɗauke shi a matsayin matsalar salla. Ta tafi wurin matar malamin unguwa ta tambaya ko za ta ci gaba da ibada, aka shiga aka tambayo, aka ce wannan jinin ciwo ne, ba na haila ba, ta yi tsarki ta yi sallarta. Amsar daidai ce a fiƙihu, malam bai yi kuskure ba, tambayar da aka yi masa ya amsa. Sai dai babu wanda ya taɓa zama da shi ya ce, Allah gafarta malam, duk matar da ta zo da wannan tambaya bayan al'adarta ta ɗauke, a ƙara mata da cewa ta je a duba ta. Har gobe ina ganin malamai da malaman Islamiyya mata su ne ke fara jin labarin wannan ciwo a ƙasar Hausa, tun kafin kowane likita, kuma tsarin lafiyarmu bai san da zamansu ba.

Gwaggo ta shekara biyu a haka. Daga jini sai wani ruwa mai wari. Ta daina zuwa biki da suna, ta riƙa turara ɗakinta da turaren wuta dare da rana, masu sayen ƙuli suka fara raguwa. Ranar da na tambaye ta, sai ta kawar da kai ta ce, "'Yar nan, akwai abin da ba a faɗa wa na ƙasa." Na ce, "Gwaggo, ai ciwo ba shi da babba." Ta yi shiru, kashegari ta aiko a kira ni.

Aka sayar da san huɗa guda, aka kai ta birni. Likitan da ya duba ta ya juyo ya tambaye mu me ya sa sai yanzu. Ya rubuta mana takarda zuwa wani asibitin da ke da na'urar gashi, muka je aka ce na'urar ta lalace, a dawo bayan wata guda. Muka dawo, aka ce layi ya yi tsawo. Ana cikin girbin gero ta rasu. Allah ya jiƙanta, ya sa ciwon ya zama kaffara.

Daga baya, a makarantar koyon aikin lafiya, na san yadda wannan cuta take tafiya, kuma sanin ya fi rashin sanin ciwo. Wata ƙwayar cuta ce da ake kira HPV ke haddasa kusan dukkan sankarar bakin mahaifa. Wani masani Bajamushe, Harald zur Hausen, shi ya tabbatar da haka, har ya sami kyautar Nobel a 2008. Ƙwayar ta yaɗu ainun a tsakanin 'yan Adam, yawancin ma'aurata kan gamu da ita a wani lokaci na rayuwarsu, jiki kuma ya kawar da ita ba tare da an sani ba. Saboda haka samunta ba shaidar lalata ba ce, kuma wajibi ne a riƙa faɗin wannan da babbar murya, don kada a guje wa ciwo a faɗa cikin ƙazafi. A jikin wasu matan ne take maƙalewa ta fara sauya fatar bakin mahaifa sannu a hankali. Daga wannan sauyi zuwa sankara, a mace mai ƙarfin garkuwar jiki, yakan ɗauki shekara 15 zuwa 20. Wato shekara 15 ko fiye Gwaggo tana yawo da abin da za a iya gani a kawar cikin rabin sa'a. Ta je kasuwa ɗaruruwan lokuta a tsawon waɗannan shekaru, babu ranar da wani ya tsaya ya duba.

Kuma kayan duban ba wasu na a-zo-a-gani ba ne. Ruwan khal ne, irin wanda ake zubawa a kwaɗon latas. Ma'aikaciyar jinya ta shafa shi a bakin mahaifa, ta jira minti ɗaya, ta haska fitila. Inda ya fara lalacewa sai ya yi fari. Idan farin bai yi nisa ba, akwai wata 'yar na'ura mai aiki da batir, ba ta fi tocila girma ba, wadda bakinta ke yin zafin tafasasshen ruwa. A ɗora ta a wurin ƙasa da minti ɗaya, shi ke nan, mace ta ɗaura zanenta ta koma gida. A birnin Mumbai na Indiya an gwada duban ruwan khal a wani bincike da ya ƙunshi mata kimanin 150,000, kuma matan unguwa da aka horar ne suka yi aikin, ba likitoci ba. Da aka bayyana sakamakon a 2013, mace-macen wannan sankara sun ragu da kashi 31 cikin 100. Yanzu ma an sami hanyar da ta fi wannan inganci, wadda Hukumar Lafiya ta Duniya ta fi so: a ba mace ɗan tsinke mai auduga ta shiga bayan labule ta ɗebo da kanta, a kai ɗakin gwaji a nemi ƙwayar cutar. Ga matan da kunya ta fi musu ciwo nauyi, wannan ba ƙaramar rahama ba ce. Injinan GeneXpert da aka rarraba a asibitocinmu don gwajin tarin fuka suna iya yin wannan gwajin ma.

Duk da haka, a ƙiyasin 2020 mata kimanin 12,000 ne suka kamu da wannan sankara a Nijeriya, kimanin 8,000 suka rasu. Gwamnati ta yi abin yabo da ta fara yi wa 'yan mata masu shekara 9 zuwa 14 rigakafin HPV kyauta a watan Oktoba na 2023, ni ma ina cikin waɗanda suka yi wa 'yan makarantar garinmu. Amma rigakafi na 'ya'ya ne. Uwayensu, masu shekara 30 zuwa 49, sun riga sun wuce wannan tasha, duba kaɗai ya rage musu.

Sau ɗaya motar duba ta taɓa zuwa garinmu. Wata ƙungiya ce ta kawo ta, doguwa, an yi mata fenti ruwan hoda, da hoton wata babbar hajiya a jikinta. Aka kafa rumfuna, maroƙa suka yi ta kirari, aka yi jawabai har rana ta take. Bayan azahar aka fara duba mata, kafin la'asar manyan baƙi sun tashi, motar ta bi su. Wasu 'yan mata ƙalilan cikin waɗanda aka duba aka miƙa musu kati, aka ce an ga wani abu, su je babban asibiti. Ba a yi musu magani a wurin ba, ba a ba su kuɗin mota ba, ba a karɓi lambar wayar kowa ba. Ɗaya daga cikinsu maƙwabciyarmu ce. Ta ɓoye katin a ƙasan adudu, amma kafin kwana uku gari ya ɗauka cewa an gano tana da daji. Kishiyarta ta ware mata kwano. Ta shekara ba ta barcin kirki, sai da muka yi karo-karo aka kai ta birni, inda aka ƙona wurin a zama ɗaya, aka ce ai bai ma zama sankara ba tukuna. Sauran masu katin, wasu har yau yana nan a ɗakinsu.

Tun 1968 wasu masana biyu, Wilson da Jungner, suka rubuta wa Hukumar Lafiya ta Duniya sharuɗɗan duban jama'a, kuma ɗaya daga ciki shi ne kada a nemi cuta a jikin mutum sai an tanadi inda za a yi masa magani. Duban da babu magani a bayansa sayar da tsoro ne. Wannan shi ne dalilina na farko na cewa aikin na gwamnati ne, da kuɗin gwamnati. Ƙungiyoyi na da kyakkyawar niyya, wasunsu sun yi aikin da ba za a manta ba, amma tallafinsu yana da ranar ƙarewa, shi kuwa duba abu ne da ake maimaitawa, bayan shekara 3 in da ruwan khal ne, bayan 5 zuwa 10 in gwajin ƙwayar cutar ne. Wanda zai dawo bayan shekara biyar da littafin sunaye a hannu, ya ce ina wance, sai wanda ba ya tashi daga ƙasar.

To amma wace irin mota? Nan ne nake jin tsoron 'yan siyasarmu, domin sun fi son abin da ake yanka masa kirtani. Sayen mota na da hoto, sayen mai ba shi da shi. Duk wanda ya zagaya sakatariyoyin ƙananan hukumomi ya ga motocin ɗaukar marasa lafiya a kan duwatsu, awaki na shan inuwa a ƙarƙashinsu, don taya guda ko batir. Babbar motar da ke ɗauke da na'urar hoton mama tana da kyau a Kano ko Kaduna, amma tana buƙatar wuta mai ƙarfi, da ƙwararren mai karanta hoto, da hanya mai santsi. A yankinmu inda kwalta ta ƙare yashi ke farawa, da damina kuma akwai garuruwa a wajen Guri da Kiri Kasamma da sai da kwalekwale. Abin da muke buƙata a-kori-kura ce mai ƙarfi, da tanti mai labule, da gadon duba mai naɗewa, da fitila mai aiki da hasken rana, da mata uku da suka san aikinsu. Inda mota ta kasa, a ɗaura kayan a babur. Kuɗin babbar mota guda zai tayar da irin wannan tawaga da yawa. Game da mama kuwa, hannun ma'aikaciyar da aka horar yana iya jin ƙullutu tun yana ƙarami, ta kuma koya wa mace yadda za ta riƙa lalubawa da kanta, ta gargaɗe ta kada ta bari wanzami ya yi mata sakiya a wurin. Abin da ya fi hoton muhimmanci shi ne, daga ranar da aka ji ƙullutun zuwa ranar da aka tabbatar da ko mene ne, kada a wuce kwana 60, kamar yadda Hukumar Lafiya ta Duniya ta shata.

Sai lokaci. Kowane gari a ƙasar Hausa yana da ranar kasuwarsa, kuma a ranar ce matan ƙauyuka da na rugage ke fitowa, mai nono da ƙwaryarta, mai daddawa da faifanta. Idan aka ce duk Talatar farkon wata motar duba tana bayan makarantar firamare, aka cika alkawari wata shida a jere, ba sai an ƙara yin shela ba. A bar tsakiyar damina, lokacin kowa na gona. A kuma fara da maza. Matar aure ba za ta fito ba sai da izinin maigida, kuma wadda aka ƙona wa wurin ana so ta yi kimanin mako huɗu ba ta kusanci mijinta ba. In ba a zauna da shi a ƙofar masallaci an yi masa bayani ba, magani zai zama rigimar aure. Su ma mazan kada su koma hannu rabbana, a ɗiga jininsu a gwada ciwon hanta nau'in B, wanda ke kaiwa ga sankarar hanta, ya kuma kashe magidanta da yawa a cikinmu ana cewa sammu ne.

Na san za a ce babu kuɗi. A watan Afrilu na 2001 shugabannin Afirka suka taru a Abuja suka yi alkawarin ware kashi 15 cikin 100 na kasafin kuɗinsu don lafiya. Mu da muka karɓi baƙuncin taron, kasafin tarayyarmu yawanci tsakanin kashi 4 ne zuwa 6. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta kafa asusun kula da lafiya a matakin farko, da aƙalla kashi 1 cikin 100 na kuɗin shigar gwamnatin tarayya. A 2021 an buɗe asusun tallafa wa masu sankarar mama da ta bakin mahaifa da ta mafitsara a wasu manyan asibitoci, ciki har da na koyarwa na Zariya da na Gwambe. An kuma kafa cibiyar ƙasa ta bincike da maganin sankara. Duk waɗannan alheri ne. Sai dai dukkansu suna jiran mara lafiya ne a bakin ƙofar babban asibiti, ita kuwa tana can inda ko sunan asusun ba ta taɓa ji ba. Abin da nake roƙo layi ne guda a kasafin kowace jiha, mai suna ƙarara, na duban sankara a karkara, wanda a cikinsa za a rubuta man mota da taya da safar hannu da alawus ɗin ma'aikata, da kuɗin kai wadda aka ga nata ya yi nisa har gadon asibiti. Wannan na ƙarshen shi ake fara yankewa, shi ne kuma bai kamata a taɓa ba.

Akwai masu cewa, kuma ba wawaye ba ne, ƙasar da zazzaɓin cizon sauro da haihuwa da yunwa ke kashe mutane kullum ba ta da hurumin zancen sankara. Na riƙe yara da yawa da suka cika a hannuna saboda zazzaɓi, ba zan raina wannan magana ba. Amsata ita ce motar ba ta zuwa da abu ɗaya. Wadda ta zo duban mahaifa za a auna hawan jininta, a auna damtsen yaron da ke bayanta, a yi wa 'yarta rigakafi. Sannan a dubi wadda ciwon ke ɗauka. Mace ce mai shekara arba'in da wani abu, wadda ke riƙe da yara bakwai da tsohuwar uwar miji da 'yar sana'ar da ake sayen omo da littafi da ita. Da Gwaggo ta rasu, 'yan matanta biyu na ƙarshe suka bar makaranta, san da aka sayar kuma ba a mayar da shi ba har yau. Wannan asara ba ta shiga lissafin kowace ma'aikata.

Kuma ba sabon aiki ba ne a wurinmu. Na taka ƙafata zuwa rugagen da ba su cikin taswirar kowa, da kular magani a kafaɗa da alli a hannu, muna rubuta lamba a jikin katanga. A 2003 aka dakatar da rigakafin shan-inna a Kano saboda zargi, aka yi ta kai ruwa rana kusan shekara guda, sai da sarakuna da malamai suka shigo aka dawo da yarda. A watan Agusta na 2020 aka ayyana Afirka ta rabu da ƙwayar shan-inna ta asali. Kafin nan, a 2013, an tabbatar Nijeriya ta rabu da kurkunu, wanda a dā yake kwantar da gari guda da damina. Taswirorin ƙauyuka da aka zana don shan-inna suna nan, masu unguwannin da suka raka mu suna nan, matan da suka san kowane zaure suna nan, da yawansu ba su da aiki yanzu. A wancan yawon, tambayar da magidanta suka fi yi mana ita ce, me ya sa wannan ɗigon kaɗai kuke biyo mu da shi har gida, alhali matata na kwance ba wanda ya leƙo? Tambaya ce mai kyau, kuma har yau gwamnati ba ta gama amsa ta ba.

A 2020 ƙasashen duniya, har da tamu, suka amince cewa kafin 2030 za a yi wa kashi 90 na 'yan mata rigakafi, a duba kashi 70 na mata, a yi wa kashi 90 na waɗanda aka samu da cutar magani. Kashi 70 ba za su cika da matan Abuja da Legas ba, sai an haɗa da na Haɗeja da na Gumel da na rugagen da ke tsakaninsu. Don haka na sayi littafin rubutu mai shafi 80, na fara bi unguwa-unguwa a mazaɓarmu ina rubuta sunan duk macen da ke tsakanin shekara 30 da 49, da sunan maigidanta, da ranar kasuwar da take fitowa, domin duk ranar da aka turo tawaga kada a ɓata wata guda ana ƙidaya. Na kai wa kansilanmu kwafe, ya karɓa da hannu biyu, ya ce zai gabatar idan an zo tsara kasafin baɗi. Littafin farko ya cika, na shiga na biyu, sauran ƙauyuka huɗu na hayin kogi da zan je idan ruwa ya janye.